Comic Sans: Ɗan Barkwanci a Zauren Manya

 

Da labari ya kai wa wani abokina cewa zan yi lacca a kan haruffa, sai ya kira ni yana dariya, ya ce, "Malam, yanzu mutane za su bar harkokinsu su zo ka koya musu a, ba, ca, da?" Na ce masa ai sunayen haruffa kowa ya bar su a aji ɗaya, ni tufafinsu zan taɓa. Harafi ɗaya ne, amma rigunansa sun fi a ƙirga. Wannan riga ita ce yaran shagon kwamfuta suke kira font. Ni yau zan riƙa cewa zubin haruffa, domin asalin abin zubi ne na gaske. A maɗaba'un da, darma ake narkawa a zuba a mazubi, kowane harafi ya fito ɗan guntun ƙarfe, sannan mai jera haruffa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya haɗa layi.

Masu wannan sana'a sun kasa zubin haruffa gida biyu. Akwai na dogon karatu, wanda ake buga cikin littafi da jarida da shi. Aikinsa irin na magatakarda ne, ya isar da saƙo ya koma gefe, har ka gama shafi ɗari ba ka lura da kamanninsa ba. Akwai kuma na kanu da talla, wanda ake sa wa a bangon littafi, da allon shago, da kwalin biskit. Wannan shi ne sanƙira. An ɗauke shi ne don ya ɗaga murya a waiwayo. A cikin dangin sanƙiran nan akwai wani reshe da ake zanawa don ya yi kama da rubutun hannu, layukansa a karkace, kusurwoyinsa a dunƙule, kamar mai rubutun yana murmushi yayin da yake jan alƙalami. A wannan reshe babu wanda ya yi suna, ya kuma sha zagi, kamar Comic Sans. Shi na zaɓa ya zama abin misalinmu.

Labarinsa da kare ya fara. A shekarar 1994 kamfanin Microsoft yana shirya wata manhaja mai suna Microsoft Bob, wadda aka yi don mutanen da ke tsoron kwamfuta. Idan ka buɗe ta sai ka ga kamar ka shiga falon gida, ga agogo, ga kalanda, ga teburin rubutu, kuma ga wani karen zane mai suna Rover yana yi maka jagora. Maganar karen takan fito a cikin 'yar da'ira kusa da bakinsa, yadda ake yi a littattafan zane na yara. Wani ma'aikacin kamfanin mai zana haruffa, Ba'amurke, Vincent Connare, ya ga gwajin manhajar, sai ya lura maganar karen da Times New Roman aka rubuta ta. To shi Times New Roman an zana shi ne don jaridar The Times ta Landan, ta fara fita da shi a 1932. Harafin dattawa ne, na labarin majalisa da farashin hannun jari. Ku kwatanta ɗan kama ya fito fili da malafarsa da hular tsumma, ya buɗe baki sai ka ji yana karanta hukunci da muryar alƙalin alƙalai. Abin da ya dami Connare ke nan.

Yana da littattafan zane biyu a ofis, Watchmen da The Dark Knight Returns, waɗanda maganganun cikinsu duk da hannu aka rubuta su. Ya dube su, ya kama linzamin kwamfuta, ya shiga zana nasa haruffan. Ya sa masa Comic saboda asalinsa daga irin waɗannan littattafai, Sans kuwa kalmar Faransanci ce mai nufin babu, wato babu 'yan ƙafafun nan da ake gani a ƙarshen layukan Times. Abin dariyar shi ne karen da aka ɗinka wa rigar bai taɓa sa ta ba. Haruffan sun fi gurbin da aka tanada faɗi, lokaci kuma ya ƙure. Bob ya fito a 1995 ba tare da su ba, bai yi kasuwa ba, cikin shekara guda aka janye shi. Rigar sai ta faɗa hannun wata manhajar yara ta haɗa fim, 3D Movie Maker, daga nan aka zuba ta cikin kunshin ƙari na Windows 95, sannan ta shiga jerin haruffan da ke zuwa da kwamfuta tun daga kanti.

Nan ne abin ya ɓalle. Ku tuna yanayin lokacin. A zamanin ne sakatare, da malamin firamare, da mai kantin magani suka sami ikon da a da sai mai maɗaba'a ke da shi, wato zaɓen zubin da rubutunsu zai fito da shi. Mutum ya buɗe jerin, ya ga Times, ya ga Arial, ya ga Courier mai kama da tafireta, duk sun murtuke fuska kamar masu karɓar haraji. Can tsakaninsu sai ga guda ɗaya yana fara'a. Wa zai ga laifinsa in ya miƙa masa hannu? Aka fara da katin murnar haihuwa da sanarwar makarantar rainon yara, inda ya dace. Kafin a ankara ya hau takardar asibiti, ya hau gargaɗin haɗarin lantarki, ya hau takardar sallama daga aiki, har kan duwatsun kaburbura an gan shi a ƙasashen Turai. Ni kaina na taɓa karɓar takardar tuhuma daga wani wurin aiki da ba zan ambata ba, an ba ni awa ashirin da huɗu in kare kaina, kuma da wannan zubi aka buga ta. Na karanta sau biyu ban san ko tsoro zan ji ko dariya zan yi ba.

Masu zane na ƙwarai suka fusata. Wasu ma'aurata a birnin Indianapolis na Amurka, Holly da David Combs, dukansu masu zane, suka ƙaddamar da gangamin neman a haramta shi, rabi wasa rabi gaske, kuma gangamin ya bazu a intanet. Shi Connare, wanda ya kuma zana Trebuchet da babu mai zagi, ya sha faɗa cewa bai taɓa nufin a yi amfani da Comic Sans a wajen manhajar yara ba. Ya kuma taɓa ba da amsar da na fi so, inda ya nuna cewa mai mutuwar son zubin bai san sana'ar haruffa sosai ba, mai mutuwar ƙinsa ma haka, gara ya nemi wani abin yi.

Mu Hausawa muna da ma'aunin da ya fi na waɗannan masu gangami daidai, domin mun daɗe da tsara wasa muka ba shi doka. Bafulatani da Babarbare in sun haɗu, abin da za su gaya wa juna in wani ya faɗa sai an kai ga hukuma, amma su dariya za su yi su rabu. Haka taubasai, haka jika da kaka. Sai dai ko Babarbaren da ya fi kowa iya tsokana, in ya je gaisuwar mutuwa gidan Bafulatani, yakan fara duba fuskokin mutane kafin ya san ko wurin zai ɗauki wasa. Bakin nan dai shi ne, kalmomin su ne, abin da ya sauya shi ne zaure da lokaci. Comic Sans abokin wasa ne da aka saka a aljihun mutum miliyan ɗari ba tare da an gaya musu su wane ne taubasansa ba.

Bari in ba ku misali biyu da suka faru a idon duniya, ku ga yadda zubi ɗaya ya yi aiki biyu mabambanta.

A watan Yulin 2010 shahararren ɗan ƙwallon kwando LeBron James ya sanar zai bar ƙungiyar Cleveland Cavaliers ya koma Miami Heat. Mai ƙungiyar, Dan Gilbert, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya rubuta wa magoya baya buɗaɗɗiyar wasiƙa cike da zafi, yana zargin ɗan wasan da cin amana, har ya yi alkawarin ƙungiyarsa za ta riga LeBron ɗaukar kofi. Da Comic Sans ya wallafa ta. Washegari rabin masu sharhi sun bar zancen cin amana sun koma kan haruffan. Attajiri ya zo da fushin zaki, muryar da ta fito ta ɗan yaye ce. (Alkawarin ma bai cika ba, Miami ta ɗauki kofi a 2012. Sai da LeBron ya dawo gida sannan Cleveland ta ɗauka a 2016.)

Na biyu ya faru ranar 4 ga Yuli, 2012, a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba. A can ne aka haƙa ramin zobe mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, ana karo da ƙwayoyin zarra don a ga abin da ke cikinsu. A ranar aka sanar da gano ƙwayar Higgs, wadda aka yi hasashenta tun 1964, kuma shi Peter Higgs yana zaune a zauren, tsoho, yana share hawaye. Masaniyar da ta gabatar da sakamakon ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen biyu, Fabiola Gianotti 'yar Italiya, da Comic Sans ta rubuta allunan bayaninta. Aka yi ta surutu a intanet. Amma a ganina wannan bai zubar da ita ba ko kaɗan, domin ba tsoro take son a ji ba, kuma lissafinta ba ya bukatar rawani kafin a yarda da shi. Wanda ya isa, ko da silifas ya shiga taro an san ya isa. Daga baya ma ita ta zama shugabar cibiyar gaba ɗaya a 2016, kuma a ranar 1 ga Afrilun 2014 cibiyar ta tsokani duniya da sanarwar ƙarya cewa daga ranar duk takardunta da Comic Sans za su riƙa fita. Gilbert yana bukatar kwarjini, zubin ya ƙwace masa. Gianotti tana da kwarjinin da ya yi mata yawa, zubin ya sassauta shi.

Yanzu bari mu sa shi a faifai mu dube shi da idon sana'a, don ɗalibai kada su fita su ce na ce ba shi da aibu. Yana da shi. Kaurin layinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kamar an ja shi da alli. Mai zanen da ya goge yakan rage kaurin layi a inda layuka biyu suka haɗu, kamar inda bakan n ya fito daga sandarsa, don kada tawada ta taru ta yi duhu. Comic Sans bai damu da wannan sosai ba, shi ya sa in ka cika shafi da shi ka ja baya ka ƙyafta ido, sai ka ga dabbare-dabbare, wani wuri baƙi wani wuri fari. Tazarar da ke tsakanin haruffansa ma ba ta zauna daidai ba. Amma a yi masa adalci. An zana shi ne don fuskar kwamfutar 1994, wadda ɗigoginta manya ne kamar tsabar masara, kuma a ƙaramin girma a kan irin wannan fuska ya fi zubi masu siraran layuka da yawa karantuwa. Mu ne muka ɗauke shi muka hura shi ya kai girman ƙofa a kan bana, wato ƙyallen talla, duk tabonsa ya bayyana.

Yana kuma da alherin da masu zaginsa ba sa son ambata. Harafin a ɗinsa mai ciki ɗaya ne, irin wanda malama ke rubutawa a allo, ba mai rumfa a ka irin na littafi ba. Babban I ɗinsa yana da sanduna sama da ƙasa, ba ya rikicewa da ƙaramin l. Haruffa irin b da d ba su zama hoton juna a madubi sak ba. Saboda irin waɗannan dalilai malaman ƙananan azuzuwa suka rungume shi, kuma ƙungiyar Birtaniya mai kula da masu lalurar rikicewar haruffa wajen karatu ta sa shi cikin zubin da take ba da shawarar a yi amfani da su. Wasu masu zane kuma maimakon zagi sai suka ɗauki gyara. Craig Rozynski ɗan Ostareliya ya fitar da Comic Neue a 2014, wanda ya miƙe layukan ya daidaita tazarar. Ni dai in na dube shi sai in ga kamar an yi wa ɗan kama wanka an sa masa kwat. Ya yi tsaf, amma dariyar ta ragu.

Kada kuma ku ɗauka kwamfuta ce ta kawo harafin wasa. A 1922 wani mai rubutun talla a Shikago, Oswald Cooper, ya fitar da Cooper Black, harafi mai ƙiba, dunƙulalle, kamar an murza shi da ƙullun alkaki. Shi ma masu ra'ayin riƙau na zamaninsa sun raina shi, 'yan kasuwa kuwa suka yi rububinsa. Shi ne a bangon faifan Pet Sounds na mawaƙan Beach Boys a 1966, shi ne kuma kamfanin jiragen sama na easyJet ya rubuta sunansa da shi a jikin jirage. Me ya sa Cooper Black ya tsufa da mutunci, Comic Sans ya tsufa da gori? Dalili ɗaya shi ne hannun Cooper ya fi gogewa, ya yi shekaru yana rubutun talla kafin ya zana shi. Dalili na biyu ya fi nauyi. Cooper Black ya yi ƙiba da yawa, ba ya yarda a rubuta doguwar wasiƙa da shi, saboda haka jikinsa ya tsare shi a inda ya dace, wato kalma uku ko huɗu a saman shafi. Comic Sans kuwa siriri ne daidai yadda zai iya kutsawa ko'ina, kuma ya kutsa.

Akwai wata ƙarya da ke cikin duk zubin da ke kwaikwayon hannu, ya kamata ku san ta. Ku rubuta kalmar "kakkaɓe" a takarda yanzu. Za ku ga k ɗin nan uku ba su zama ɗaya ba, domin hannu ba ya maimaita kansa. Kwamfuta kuwa k ɗaya gare ta, shi za ta buga sau uku, da karkacewa iri ɗaya a wuri ɗaya. Ido yana gane wannan ko da mai idon bai san abin da ya gani ba, kamar yadda kake gane dariyar yaƙe. Wasu matasa biyu 'yan Holan, Erik van Blokland da Just van Rossum, sun yi wasa da wannan matsala tun wajen 1990. Sun mai da rubutun hannunsu zubi, na Erik da hannun dama, na Just da hagu, suka sa musu suna haka. Sun kuma ƙirƙiri Beowolf, wanda gefen haruffansa ke sauyawa duk lokacin da aka buga, ta yadda ba a samun biyu iri ɗaya. A yau fasahar OpenType tana ba mai zane damar ajiye siffa uku ko huɗu ga kowane harafi, manhaja ta riƙa juya su. In za ku sayi zubin hannu don aikin abokin ciniki, wannan shi ne abu na farko da za ku gwada: ku buga kalma mai harafi ninki ku gani.

Abu na biyu da za ku gwada ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan zubin ado da aka zana a Turai da Amurka ba su san da ƙ da ɗ da ɓ ba, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Waɗannan haruffa masu lanƙwasa sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, amma mai zane a can bai taɓa jin labarinsu ba. To me ke faruwa? Ka zaɓi zubi mai fara'a don katin biki, ka rubuta "Maraba da baƙi", sai kwamfuta ta nemi ƙ ta rasa. Ko dai ta ajiye maka ɗan akwati fanko, ko ta aro ƙ daga wani zubi, ya tsaya a tsakiyar kalma a sandare kamar ɗan sanda a filin gaɗa. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Mai shago da ya gaji sai ya cire lanƙwasar gaba ɗaya, a wayi gari ana maraba da baki, ana gayyatar mutane su kara, alhali so ake su ƙara. Akwai zubin da suka kula da mu. Cibiyar SIL ta yi Andika musamman don masu koyon karatu, da a mai ciki ɗaya da duk haruffanmu, kuma kyauta ne. Ita ce kuma ta yi Alkalami, wanda aka ɗauko daga salon rubutun hannu na ajami irin na ƙasar Kano. Dangin Noto na Google ma suna da haruffanmu. Amma waɗannan duk magatakarda ne. Sanƙira mai jin Hausa shi ne ya yi ƙaranci.

Abin da ke ba ni haushi shi ne hannun da zai yi wannan aiki yana nan a garuruwanmu. Ku dubi bayan tsofaffin manyan motoci, ku dubi allon mai aski da na mai shayi, ku ga yadda mai fenti yake ba harafi inuwa, ya kumbura cikinsa, ya ja wutsiyarsa, ya matse kalma don ta shiga ƙyauren mota ba tare da ta shaƙe ba. A Gana masu fenti sun yi shekaru suna zana tallan fim a kan buhunan fulawa, yau masu tara kayan fasaha a ƙasashen waje suna sayensu da tsada. Injin buga bana ya zo ya karɓe musu ciniki, a can da nan, kuma abin da injin ke fitarwa haruffan wasu ne.

Saboda haka ga aikin da zan bar wa ɗaliban da ke nan. Ku nemi mai fenti ɗaya a unguwarku wanda hannunsa ya burge ku. Ku biya shi, ku kuma yi yarjejeniya da shi a rubuce cewa sunansa zai bi aikin. Ya rubuta muku haruffa duka, manya da ƙanana, da lambobi, kowanne sau uku, da buroshin da ya saba. Ku ɗauki hoto a inuwa, ba a rana ba, ku shigar a manhajar zana haruffa. FontForge kyauta ce. Kada ku goge karkacewar, ita kuka je nema. Inda za ku sha wuya shi ne tazara, don ita ke cin fiye da rabin lokacin aikin, sai kuma lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. In ta yi ƙanƙanta, daga nesa ba za a gan ta ba. In ta yi girma, za ta ci karo da harafin da ke kusa, musamman a kalma irin "ɗaɗɗaya" inda ɗ biyu ke tsaye kafaɗa da kafaɗa. Babban Ɗ da babban Ɓ kuma lanƙwasarsu hagu take fita, sai kun bar mata fili, in ba haka ba ta taka kalmar da ta gabata.

Na ga shugaban zaman nan yana nuna mini agogo. Akwai takardu da alƙaluma a teburin baya, wanda yake so ya fara gwada nasa ƙ kafin a buɗe fagen tambayoyi, bismillah.